Goron Sallah ga Marubuci da Ma'abocin Karatu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan Sallah ta matso, hankalin mutane yakan koma kan shadda da atamfa da takalma da turare, kuma babu laifi a cikin haka. Sai dai a kusan kowane dangi akwai mutum ɗaya ko biyu waɗanda ransu ya fi karkata ga littafi da alƙalami, waɗanda sau da yawa ake rasa abin da za a ba su, har a ƙarshe a miƙa musu irin abin da aka miƙa wa kowa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu son faranta wa irin waɗannan mutane suka fi yi, kuma ma'aunin da aka bi wajen amsa su guda ne: a duba yadda mutumin yake karatu ko rubutu a zahiri, a gano abin da yake tare masa hanya, sannan a kawar masa da shi.

Anya littafi ya isa a kira shi goron Sallah, alhali an saba da sutura da turare da kuɗi?

Ya isa, matuƙar wanda za a ba ɗin ma'abocin karatu ne na gaske. Manufar kyauta ita ce ƙarfafa zumunci, kamar yadda ya zo a hadisin da Imam Bukhari ya kawo a cikin Adabul Mufrad, wanda ya umarci mutane su riƙa yi wa juna kyauta domin su so juna, kuma babu abin da yake nuna wa mutum cewa an san shi kamar a kawo masa abin da ransa ya daɗe yana biyawa. Bugu da ƙari, littafi ya yi tsada a 'yan shekarun nan. Manyan masana'antun takarda guda uku da gwamnatin Nijeriya ta kafa a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, saboda haka mafi yawan takardar da ake buga littafi da ita daga waje ake shigo da ita, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin bugu ya tashi ƙwarai. Akwai masu karatu da yawa da a da ba sa wuce shagon littafi sai sun shiga, amma yanzu sai dai su ɗaga littafi su duba bango su mayar.

Abu ɗaya ya kamata a kiyaye. Littafi ƙari ne a kan haƙƙi, ba ya maye gurbinsa. Maigidan da bai yi wa iyalinsa kayan Sallah ba, bai kamata ya kawo wa uwargida littafi ya ce shi ke nan ba, ko da kuwa ta fi kowa son karatu.

Ta yaya zan san littafin da ya dace, kada in sayo masa wanda yake da shi ko wanda ba zai buɗe ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma amsarta tana farawa ne makonni kafin a je kasuwa. Idan ka shiga ɗakinsa, ka dubi inda yake ajiye littattafai ka lura da waɗanda bangonsu ya gaji, domin su ne suke nuna inda zuciyarsa take, waɗanda suke nan fes kuwa ta yiwu wani ne ya ba shi bai taɓa buɗe su ba. Ka saurari sunayen marubutan da suke yawan fitowa a hirarsa. Idan yana da shagon da ya saba ciniki, mai shagon yakan san abin da ya tambaya ya kasa biya, kuma zai gaya maka da farin ciki.

Akwai wata dabara da ba a cika tunawa da ita ba. Yawancin ƙagaggun labaran Hausa da aka buga a Kano tun daga shekarun 1980 kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci har na huɗu, kuma da wuya ka sami mai karatun da babu giɓi a cikin tarinsa. Za ka ga na ɗaya da na uku a jere, na biyu kuwa wata maƙwabciya ta ara tun kafin ta yi aure, ta tare da shi. Wanda ya bi shagunan littattafai na Sabon Gari ko wajen masu sayar da tsofaffin littattafai ya nemo wannan na biyun ya yi kyautar da ba za a manta da ita ba, ko da kuɗinta bai kai na kwalbar turare ba.

Idan duk wannan bai yiwu ba, a tambaye shi kai tsaye, domin babu kunya a cewa, "Yaya, wane littafi kake nema ba ka samu ba?" Abin da ya wajaba a guje wa shi ne zaɓen littafi da nufin gyara halin mutum. Littafin ladubban zaman aure da aka ba amarya ana tsaka da saɓani, ko na dabarun neman arziki da aka ba ƙanin da ba shi da aiki, habaici za su ɗauke shi, kuma suna da gaskiya.

Ɗan yayata ya tashi a makarantar da ba a koyar da Hausa sosai, yanzu yana son ya san adabinmu. Da me zai fara?

Ya fara da littattafan da aka gina rubutun zube na boko a kansu. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari, kuma daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Dukansu gajeru ne, ana iya gama kowanne cikin hutun Sallah. Bayansu sai Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, wanda ya fara fitowa a 1937, kuma a ganina idan kuɗin ba zai kai a sayi komai ba sai abu ɗaya, to a sayi wannan cikakke, kada a rarraba shi. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya daɗe yana sake buga waɗannan littattafai, saboda haka samunsu ba ya wuya a manyan shaguna. Domin kada yaron ya ɗauka maza ne kaɗai suka yi rubutu, a haɗa masa da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, idan kuma yana da kunnen waƙa a ƙara da Imfiraji na Aliyu Namangi ko waƙoƙin Aƙilu Aliyu.

A duba bugun kafin a biya. Akwai kwafin sata da yawa a kasuwa, masu dusasshen rubutu da shafukan da suka karkace ko suka ɓace, kuma yaron da Hausarsa ba ta nuna ba zai gaji da irin wannan tun a shafi na biyar.

Wane abu guda ne ya fi amfani ga mai rubutu da Hausa?

Ƙamus, ba tare da wata tantama ba. Abin mamaki ne yadda marubuta da yawa, har waɗanda suka fitar da littattafai masu yawa, ba su mallaki ƙamus ko ɗaya ba, alhali shi ne kayan aikin da ake buƙata kullum. Ga mai rubuta labari ko waƙa, wanda ya fi dacewa shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006, domin yana bayyana ma'anar kalma da Hausa, ba ya tura mutum zuwa wani harshe. Ga mai fassara ko ɗan jarida, ƙamusun Hausa da Ingilishi na Paul Newman, wanda ya fito a 2007, da na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, sun fi biyan buƙata. Shi kuwa ƙamusun Bargery na 1934, mai shafi fiye da 1,000, taska ce ta tsofaffin kalmomi na noma da sarauta da sana'o'i da karin harshen garuruwa daban-daban, kuma marubucin da yake son ya kafa labarinsa a zamanin da ya wuce zai amfana da shi fiye da kowa. Samun bugunsa na takarda yana da wuya, amma idan aka dace da shi a wajen masu tsofaffin littattafai, kada a yi jinkiri.

Idan aka haɗa ƙamus da ƙaramin littafin ƙa'idojin rubutun Hausa, wanda zai nuna inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, kyautar ta cika. Wannan ba raini ba ne ga marubucin, domin kuskuren rabawa da haɗewa ya zama ruwan dare har a cikin littattafan da suka yi suna.

Ƙanwata a waya take rubuta littattafanta. Shin littafin rubutu da biro mai tsada za su yi mata amfani?

Da wuya. Littafin rubutu mai ƙawataccen bango yakan ƙare a ajiye, domin mai shi yana ganin ya fi ƙarfin a ɓata shi da gwaji da gogewa, kuma marubuciyar da ta saba buga labari da babban yatsa tana tura wa masu bibiyarta a WhatsApp ko Wattpad ba za ta sauya hanya saboda an ba ta biro ba. Abin da yake damunta daban ne. Wuta takan ɗauke tana tsakiyar babi, yatsunta da wuyanta suna ciwo, data tana ƙarewa, kuma tana cikin fargabar kada wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta da aikin wata shida a ciki.

Saboda haka a saya mata ma'ajiyar caji mai ƙarfin 20,000 mAh daga shagon da za a iya komawa idan ta ba da matsala, domin jabu sun cika kasuwa. A saya mata ƙaramin allon bugawa mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, tare da abin jingina wayar a kan tebur, wanda zai sa rubutun ya fi mata sauri da sauƙi. Datar wata guda ko uku ita ma kyauta ce ta gaske. Sannan akwai abu biyu da ba sa buƙatar ko kwabo sai zama na rabin sa'a: a saita mata Hausa a cikin Gboard, manhajar allon bugawa ta waya, domin ta sami haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma a nuna mata yadda za ta riƙa ajiye kwafin rubutunta a Google Drive, wanda yake ba kowa wurin ajiya na 15 GB kyauta. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da dandalin sayar da littattafai ta intanet na OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023, marubuta da yawa sun fahimci cewa bai kamata a dogara da wuri guda wajen ajiyar aiki ba.

Wanda har yanzu yake rubutu da hannu kuwa, ya fi son damin littattafan rubutu na talakawa masu kyakkyawar takarda, da kwalin irin biron da hannunsa ya saba da shi.

Kindle fa, wato na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, ya cancanci kuɗinsa?

Ya danganta da abin da mutumin yake karantawa. Fuskarsa ba ta gajiyar da ido kamar ta waya, cajinsa yana yin makonni, kuma babu saƙonnin da za su katse karatu, waɗannan duka alheri ne a inda wuta ba ta tsayawa. Ga mai karanta littattafan Ingilishi ko Faransanci da yawa, kyauta ce babba. Amma littattafan Hausa kaɗan ne a kantin Amazon, saye daga can yana buƙatar katin banki mai biyan kuɗin waje, kuma littattafan da aka ɗauki hoton shafukansu aka mayar PDF, irin yawancin littattafan Larabci da ɗalibai suke yawo da su, suna da wahalar karantawa a fuska mai inci 6. Mai irin wannan karatu ya fi buƙatar babbar waya ta allo.

Ina da littattafai masu yawa na PDF. Idan na tura masa a matsayin barka da Sallah, akwai laifi?

Idan marubutan sun saki littattafan kyauta, ko sun tsufa har haƙƙin mallaka ya fita daga kansu, babu laifi. Idan kuwa littattafai ne na sayarwa da wani ya kwafa ya watsa, to dukiyar wani ce aka yi kyauta da ita, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta haɗa da abin da ake yaɗawa ta intanet. Ko da an ajiye maganar doka, a tuna cewa yawancin masu rubuta littattafan Hausa a yau mata ne da suke rubutu bayan sun gama girki sun kwantar da yara, kuma ɗan abin da masu karatu suke turawa shi ne ladan wahalarsu. Hanyar da ta dace ita ce a biya marubuciyar kai tsaye a ce ta saka wance a cikin rukunin masu karanta sabon littafinta. Ta haka mutum biyu ne suka sami goron Sallah daga hannu ɗaya.

Me zan kai wa malaminmu na zaure, ko ɗan'uwan da ya haddace Alƙur'ani yana rubuta shi?

A nan ana buƙatar taka-tsantsan fiye da ko'ina, domin kuskure yana da sauƙi. Idan Alƙur'ani za a saya, a fara sanin ruwayar da mutumin yake karantawa: makarantun allo da tsangayu sun ginu ne a kan Warshu, yawancin Islamiyyu kuwa Hafsu suke koyarwa, kuma wanda ya yi hadda da wani bugu ya saba da inda kowace aya take a shafi, sauya masa bugu yana iya dagula masa tilawa. Idan littafin fiƙihu ne, a san inda ya kai a karatu, shin yana Ahalari ne ko Ishmawi ko Iziyya, ko ya shiga Risala, ko ya kai Muhtasar, domin a kawo masa na gaba ko sharhin wanda yake kai. Masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi a Kano sun san waɗannan matakai sarai, kuma za su nuna bugun da ya fi tsabta daga kurakurai.

Shi kuwa alaramman da yake rubutu, kayan aikinsa sananne ne: farar takarda mai kauri wadda tawada ba ta huda ta, damin alƙaluma na gamba, ƙaro mai kyau na haɗa tawada, da launukan da ake yi wa wasali da alamomi, ja da ɗorawa da kore. Fiye da waɗannan duka, tadarishi da gafaka na fata mai kyau, wato bango da jakar ajiye takardun Alƙur'ani, su ne abin da zai riƙe har tsufansa. A nemi baduku ya ɗinka daidai da girman takardunsa, da jar fatar akuyar Sakkwato, wadda ita ce aka riƙa ketara Sahara da ita tun da daɗewa har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko suna ɗaure littattafansu masu daraja da ita. A ba da aikin tun kafin azumi ya raba, domin idan Sallah ta matso dukawa sukan shagala da kayan dawaki na hawa.

Idan an je kai wa malami, a durƙusa a miƙa da hannu biyu, a ce, "Allah gafarta Malam, ga ɗan abin da ya sawwaƙa," ba tare da an faɗi kuɗin da aka kashe ba.

Baffana ya rage karatu tun da idonsa ya yi rauni. Ko akwai abin da zai dawo masa da shi?

Akwai, kuma littafi ba shi ne farko ba. Yawancin mutane idan sun haura shekara 40 sukan fara wahalar ganin ƙananan haruffa a kusa, dattawa da yawa kuma sukan haƙura su ce tsufa ne, alhali tabarau kaɗai suke buƙata. A kai shi a auna idonsa a wajen masana, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA da ke Kano ko wanda ya fi kusa, maimakon a sayo tabarau a bakin titi, domin awon yana iya gano yanar ido ko hawan jinin ido tun da wuri. Bayan tabarau sai fitila mai caji da hasken rana, da abin ɗora littafi domin kada hannu ya gaji, da bugu mai manyan haruffa. Idan idon ya riga ya tafi, a ware masa lokaci bayan la'asar a riƙa karanta masa abin da yake so, ko a sa jikoki su yi, kuma a ɗore a kan haka bayan Sallah ta wuce.

Yara fa?

A ba su littafi mai hoto, mai manyan haruffa, cikin harshen da suke magana da shi a gida, kuma a rubuta sunan kowane yaro a kan nasa, domin yaro yana ji da abin da aka ce nasa ne shi kaɗai. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya har yanzu suna jan hankalin yara. Shafin African Storybook yana da gajerun labarai na Hausa waɗanda aka yarda a sauke a buga kyauta, mutum yana iya zaɓar goma ya kai a buga masa da launi a ɗinke. Kada dai a hana su kuɗin yawon Sallah saboda an ba su littafi, in ba haka ba za su tsani littafin.

Mijina yana da littattafai har sun rasa wurin zama. Ƙara masa wani ba zai zama nauyi ba?

Mai irin wannan tari ya fi buƙatar abin da zai kare wanda yake da shi. Manyan abokan gabar littafi a ƙasarmu su ne gara da danshin damina da ƙurar hunturu da kyankyaso, kuma gara ta fi su ɓarna domin ba a ganin aikinta sai an ɗaga kwalin da ya shekara a ƙasa jingine da bango, a tarar bangon littattafan lafiya lau, cikinsu kuwa ya zama ƙasa. A sa kafinta ya yi kanta mai ƙofar gilashi, ƙafafunta na ƙarfe ko masu tsayin da tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi, a kafa ta da ɗan rata tsakaninta da bango, a jefa kafur a lungunanta. Kada a ƙulle littattafai a cikin leda da damina, domin fumfuna za ta kama su.

Wata kyautar ita ce a ɗauki littafin da ya fi so wanda ya wargaje, a kai wa mai ɗaurin littafi ya ɗinke shi da zare ya sa masa sabon bango, tare da gargaɗin kada ya yanke gefen shafukan da maigidan ya yi rubutu a kai, kada kuma ya liƙa salatif, domin yana cinye takarda bayan 'yan shekaru. Sai kuma hatimin roba mai sunansa da ƙaramin littafin rajista na masu aro. Duk mai tarin littattafai yana da jerin waɗanda aka ara ba a dawo da su ba, kuma hatimi a shafin farko yana tunatar da mai aro ba tare da an yi cacar baki ba.

Ba ni da hali sosai a bana. Me zan iya yi wa abokina marubuci?

Ka sayi littafinsa da kuɗinka, kada ka nemi ya ba ka kyauta, domin marubuta sun gaji da 'yan'uwa da abokan da suke ganin kwafin kyauta haƙƙinsu ne. Ka karanta shi har ƙarshe, sannan ka zauna da shi ka faɗa masa inda ya burge ka da inda ka ji labarin ya yi sanyi, da hujja, ba yabon fatar baki ba. Ka rubuta 'yan layuka a kansa a Facebook domin wasu su sani. Idan mace ce mai iyali, kwana biyu da za a ɗauke mata yara da girki bayan hidimar Sallah ta lafa na iya zama abin da zai sa ta kammala labarin da take son shiga gasar Hikayata da shi, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta.

Idan kuma ina da hali, zan iya ɗaukar nauyin buga littafinsa?

Za ka iya, amma ka fara da tacewa kafin bugu. Littattafai da yawa sun fito da kyakkyawan bango da kurakurai a kowane shafi, saboda an kashe kuɗin duka a maɗaba'a ba a bar komai ga edita ba. Ka biya wanda ya san ƙa'idar rubutu da tsarin labari ya bi rubutun sau biyu, ka biya mai tsara shafi, ka nemi lambar shaidar littafi ta ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda shi ne yake bayar da ita a Nijeriya kuma doka ta tanadi a kai masa kwafi 3 na abin da aka buga. A fara da adadi kaɗan da za a iya sayarwa, maimakon dubban da za su zauna a ƙarƙashin gado. Kuma a yi magana a fili tun farko, kyauta ce ko bashi ko haɗin gwiwa, kuma mai ba da kuɗi ya san cewa kuɗinsa bai ba shi ikon sauya labari ba.

Idan littafin bai kai ga bugu ba tukuna, kuɗin mota da masauki zuwa taron marubuta shi ma taimako ne, kamar bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, ko HIBAF na adabin Hausa da aka fara a 2021, ko kuɗin rajista da Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, a reshen jiharsa.

Shin waɗannan shawarwari sun shafi Kirsimeti, da kuma 'yan'uwa da ke wajen Nijeriya?

Kusan dukansu sun shafa. Hausawa Kirista da masu ibada da Hausa a Wusasa da Jos da Kudancin Kaduna da sauran wurare suna da tsohuwar al'adar karatu da harshen, tun da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma dattijon da ya saba da tsohuwar fassara ba lalle ya ji daɗin sabuwa ba, saboda haka a tambaya kafin a saya. Ga 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Yamai, littattafan Kano da Zariya tsaraba ce mai daraja, su ma suna da nasu da ya kamata a roƙa su aiko, kamar waɗanda maɗaba'ar Gashingo take bugawa, sai dai mai karatu zai lura cewa a Nijar ana rubuta ƴ a inda ake rubuta 'y a Nijeriya. Mazauna zango a Kumasi da Akara, da waɗanda suke Sudan ko Saudiyya, sun fi kowa ƙishin littafin Hausa na takarda, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ba matafiyi amintacce tun da sauran lokaci.

Ya dace a yi rubutu a shafin farko? Kuma yaushe ya fi kyau a miƙa?

Ya dace a sabon littafi na karatun nishaɗi ko na ilimi: layi biyu ko uku da suka ƙunshi sunan wanda aka ba da dangantaka da shekara da gajeriyar addu'a, kamar "Zuwa ga Inna, barka da Sallah, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana." Ba a yin haka a cikin Alƙur'ani, ko tsohon bugu mai wuyar samu, ko littafin da ake zaton za a iya mayarwa shago a musanya, a irin wannan sai a rubuta a 'yar takarda a saka a ciki. Idan marubucin littafin yana raye kuma ana iya kaiwa gare shi, sa hannunsa ya fi na mai bayarwa daraja a wajen mai karatu.

Game da lokaci, ranar Idi cike take da baƙi da rabon abinci, a Babbar Sallah kuma ga aikin nama, littafin da aka miƙa a cikin wannan hayaniya yana iya ƙarewa a hannun yara ko a sami maiƙo a bangonsa. Ya fi kyau a kai da daren jajibere, ko a bari sai kwana na biyu ko na uku da yamma, lokacin da gida ya yi sauƙi kuma akwai sauran hutun da za a fara karantawa. A nannaɗe shi a takarda mai kauri, a cire alamar farashi, a kuma ajiye rasit ɗin shagon na mako guda ko da za a buƙaci musanya.